Zama a Kan Ƙafar da Ka Gyara

Bari in fara tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Na daɗe ina kara kunne a jikin tayar mota ina gyaɗa kai, alhali ba abin da nake ji sai kukan cikina. Maigidanmu na gareji na ga yana yi ina yaro, ni ma na ɗauka. Mota za ta shigo gareji, a ɗaga ta, ya durƙusa ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma ta bayan zana, sai ya miƙe ya ce boljoin ne. Ni kuwa duk abin da na tsinta a darasin nan shi ne karkata kan. Na ƙware a kansa, har ido nake lumshewa. Akwai ranar da na kara kunne a tayar baya ta wata a-kori-kura na ce boljoin ya tafi. Direban ya dube ni ya ce, "Yaro, a can baya ma akwai shi?" Na ce irin wannan motar akwai. Karatuna bai wuce rubuta sunana ba, shi ma sai an ba ni lokaci, amma wajen yin fuskar masana ba wanda ya kama ƙafata.

Abin da ya tono mini wannan tsohuwar wauta wata mota ce da ta shigo garejin ɗana a daminar nan. Garejin nawa ne a da, nan bakin hanyar shiga unguwar Dogo Tebo. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya rage, an ajiye ni a gindin maina kan wata kujerar mota da aka cire, ina amsa gaisuwa ina korar awaki. Motar haya ce, irin masu kwasar mata da kwandunansu zuwa Fika. Tun kafin ta karyo kwana na ji ta. Ƙwal, ƙwal, duk ramin da ta taka, daga ƙafar gaba ta ɓangaren fasinja, sai kuma wani kuka in direba ya murza sitiyari, kamar tsohuwar ƙofar langa-langa. Ga wanda bai sani ba, boljoin gaɓa ce irin ta ƙugun mutum. Dunƙulen ƙarfe ne zaune a cikin ɗan kofi, yana juyawa cikin giris, an rufe bakinsa da roba. Shi ke riƙe da taya. In robar ta yage yashi ya shiga, sai ya yi ta cin ƙarfen har dunƙulen ya riƙa rawa a cikin kofinsa. Ranar da ya gaji ya fice, taya ta kwanta, mota ta durƙusa kan hancinta. In a hankali ake tafiya, a sha kunya. In ana gudu, a haɗu a maƙabarta.

Direban yana sauri, mata na jiransa a tasha, kuma ya ce shi ba ya son sabo, a lallaba masa wannan ɗin. Ina kallo yaran ɗana suka cire boljoin ɗin. Ɗaya ya tsinci ledar ruwan sha a ƙasa, wadda wani ya tsotse ya yar, ya cusa ta cikin kofin da tsinken ƙarfe. Ɗayan ya ɗora kofin a kan tsohon kan inji ya yi ta dukan bakinsa da guduma har ya matse. Da hannu ɗaya ma yake dukan, ɗayan hannun na riƙe da waya yana yi wa wata dariya. Suka laɓta masa baƙin giris, suka ɗaure yagaggiyar robar da tsumma, suka mayar. Na tofar da goron da ke bakina. Kuma abin da ya fi tayar mini da zuciya, na san aikin. Na taɓa riƙe wa wani kofi yana yi masa irin wannan duka.

Lokacin da aka kai ni koyon aiki, garin nan bai cika ba. Daga garejinmu kana hango gero. Da sassafe mu yara za mu share fili, mu ɗebo ruwa, mu zauna mu wanke notuna a cikin gwangwanin kananzir, kowane noti da buroshi, a jera su kan buhu su sha iska. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar nan ta notuna a gindin gwangwani, da ƙararrawar shanu in ana kora su kasuwa, da tarin Maigida daga nesa, wanda da mun ji shi kowa zai nemi abin riƙewa a hannu. Boljoin na wancan zamani yana da ɗan hanci a gindinsa. Aikina ne in shiga ƙarƙashin kowace mota da famfon giris, in kafa shi a hancin nan in yi ta matsawa har tsohon giris ya fito baƙi, sabo ya biyo shi. Direba zai kawo mota ba don ta lalace ba, don kawai a ba ta giris, ya zauna ya sha kunu ya tafi. Na yanzu ba su da hanci. An toshe su tun daga inda aka ƙera, wai ba sa buƙatar kulawa. Suna zuwa a kwali mai kyau, suna ƙyalli, kuma lallen amarya ya fi wasunsu daɗewa. Wasu ma tsofaffi ne aka wanke aka fesa wa fenti aka mayar cikin kwalin. Ka kankare da farce ka ga tsatsa tana kallonka.

Maigida Bakarkare ne, gajere, mai faɗin tafin hannu. Hausarsa ta kasuwa ce, in ransa ya ɓaci sai ya koma yarensu, mu kuwa mu gane komai ba tare da mun ji kalma ɗaya ba. Bai cika duka ba. Yakan ce duka yana warkewa kafin yamma, shi yana son abin da yaro zai kwana da shi. In direba ya ce masa mota ba ta nuna alama ba, sai ya ce ta nuna, kai ne kake hira. Yana da doka guda wadda ban taɓa ganin ya ɗaga wa kowa ita ba: duk wanda ya gyara ƙafar gaba ta mota, shi zai zauna a kanta a tafiyar farko. In ɓangaren fasinja ne, kujerar gaba taka ce. In na direba ne, ka takure a bayansa. Ba zagayen gari ba, hanya ta gaske, mai ramuka. Mu yara mun ɗauki abin gata ne. Wa zai ƙi yawo a gaban mota, iska na kaɗa shi, 'yan mata na gani?

Wata rana da damina Maigida ya tafi ta'aziyya Nangere, ya bar garejin a hannun babban yaronmu, wanda muke ce wa Yaya. Sai ga wata a-kori-kura mai jigilar matan Fulani da ƙoren nono ta hanyar Fika, tana ƙwal-ƙwal. Matan suka sauka suka zauna a inuwa, direba na cewa a yi sauri. Yaya ya girgiza taya, ta yi lakwab-lakwab a hannunsa. Maimakon ya ce a jira Maigida, sai ya aike ni mahauta in roƙo guntun ɗanyar fatar saniya. Na je da gudu, na dawo da wani yanki da ƙudaje suka raka ni da shi har gareji. Ya yanka ya cusa a cikin kofin, ya ce in riƙe, ya dinga dukan bakin har dunƙulen ya daina motsi. "Ka ga ilimi," in ji shi. "Wannan Maigida ba zai koya maka ba, ɓoyewa yake." Na yarda har zuciyata. Muna cikin ɗaure taya sai ga tarin nan. Ashe ya sami mota da wuri.

Maigida ya nufi motar. Ya durƙusa ya girgiza taya, shiru, ko motsi. Raina ya yi fari. Sai ya zura hannu ta bayan tayar, ya zagaya bakin kofin da babban yatsa, a hankali, ya fito da yatsan ya shinshina. Ya miƙe ya ce, "Wa ya yi wannan aiki?" To a daidai lokacin nan akwai wata yarinya mai dafaffiyar gyaɗa da ke tsaye da farantinta, wadda na daɗe ina karkata kai dominta. Ita ce uwar 'ya'yana yanzu, kuma ba ta bar labarin nan ya mutu ba. Kafin Yaya ya buɗe baki na matso gaba na ce, "Ni ne, Maigida." Yaya kuwa nan take ya shiga neman wata sufana a ƙarƙashin benci, neman da bai ƙare ba sai da muka tafi.

"Madalla," in ji Maigida. Ya ce wa matan su yi haƙuri su ƙara hutawa, ya sa aka sauke ƙorensu, aka loda tsofaffin injuna da buhunan yashi a bayan motar. Ya karɓi makulli daga hannun direba. Ya buɗe mini ƙofar gaba da kansa.

Da farko daɗi na ji. Na fitar da gwiwar hannu ta taga, na ɗaga wa mai gyaɗa gira. Muka bar gari, muka shiga hanyar da ruwa ya cinye, motar na faɗawa rami tana fita. Can sai Maigida ya ce, "Ka ji?"

"Ban ji komai ba, Maigida. Lafiya lau take."

"Cire takalminka. Ɗora tafin ƙafa a ƙasa, nan kusa da ƙofa."

Na cire na ɗora. Rami na gaba da muka faɗa, wani abu ya buge ni a tafin ƙafa, ƙit, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga ƙarƙashin ƙasa. Na gaba ya fi ƙarfi. Kafin mu wuce wata gonar dawa ya zama ƙwal, yana bi ta ƙashin ƙafata har haƙora. Abin da na shekara ina yi wa ƙaryar ji, ranar na ji shi, kuma ba da kunne ba.

"Yanzu fa?"

"Na ji, Maigida."

"Me yake cewa?"

"Cewa yake mu tsaya."

"A'a, kai kake cewa mu tsaya. Ai aikinka ne, ka amince da shi."

Na ce wallahi Yaya ne ya yi, ni kofi kawai na riƙe. Ya ce shi dai ya tambaya a gaban jama'a an ba shi amsa. Na janyo gwiwar hannuna ciki. Na karanta duk abin da na iya, na ƙare, na sake daga farko, don ba shi da yawa. Shi kuwa yana tuƙi a hankali kamar mai rakiyar amarya, yana kallon hanya. Da muka iso wani wuri mai yashi, ya rage tafiya har ɗan akuya zai iya wuce mu, ya murza sitiyari har ƙarshe. Sai na ji fau, ƙasa ta taso ta same ni. Motar ta durƙusa ta ɓangarena, goshina ya gaisa da ƙarfe. Labarin wandona kuwa ba zan ba da shi ba. Manoma suka fito daga gona da fartanyoyinsu, suka ga ba wanda ya mutu, suka zauna a kan kunya suna dariya.

Maigida ya sa na tono kofin daga cikin yashi, ya ce in zaro abin da ke ciki da yatsuna. Fatar nan ta dahu da zafin ƙarfe, ta narke cikin tsohon giris, ta zama wani abu mai yauƙi, ga gashi a jiki. Warin da ya bugi hancina, na mushe ne da aka soya da baƙin mai. Na juya na amayar da gyaɗar da na ci. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Da matan nan ne a baya, da gudun direban nan, kai za ka je rugarsu ka yi bayani ko ni?" Ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ta ta'aziyya ya fito da sabon boljoin. Tun a gareji ya ɗauko shi.

A bakin hanyar nan na koyi aikin. Ya nuna mini yadda ake fitar da ragowar sandar boljoin da ta maƙale: guduma ɗaya ka tokare ta wannan gefe, ka bugi wancan gefen da ɗaya, ƙarfen ya saki da kansa. Ba a dukan kan zaren noti, ko uban wa ke sauri. A goge mazaunin tas, a zaunar da sabo, a ɗaure noti, a zura fil a lanƙwasa shi don kada notin ya kwance. A ba shi giris har roba ta ɗan kumbura. Sannan ya kama hannuna ya ɗora a kan gaɓar, ya girgiza taya da ƙarfinsa. Ya ce in akwai rawa, a tafin hannu za ka ji ta, kan da nake karkatawa wuyana ne ke ciwo. Muka dawo gari, ƙafata a ƙasa ba takalmi, shiru kamar masallaci bayan an watse. Yaya kuwa bai kwana a garejin ba. Ya buɗe nasa, ya ci gaba da iliminsa, ya riga Maigida zuwa Makka.

Da na zama maigida na riƙe dokar nan, ɗana ma ya zauna a kan ƙafafu da dama. Sai motoci suka yi yawa, ga keke mai ƙafa uku ya cika gari, kowa na sauri. Yaro ya zo koyon aiki, kafin ya san sunan sufanu ya buɗe nasa wurin. Ka ce ya raka mota, ya ce wa zai dawo da shi. Rannan na ce a bari yau aiki ya yi yawa, gobe ma aka bari, shi ke nan. Ba wanda ya kashe dokar, barinta aka yi a rana kamar tsohuwar taya. Yanzu mai gyara ba ya shiga motar da ya gyara, mai sayar da kaya ba ya sa irin kayansa a tasa motar, direba kuwa ya manna addu'a a gilashi ya taka wuta. In ka bi hanya ka ga mota durƙushe a gefe, taya kwance, takalman mata a warwatse, sai ka ji ana cewa tsautsayi ne. Ni na san sunan tsautsayin nan, na san irin gudumar da aka yi shi da ita.

To ranar nan da yaran suka sauke jak, na ce su kira mini ogansu. Ɗana ya fito yana goge hannun da ba abin da ya taɓa.

"Wa ya yi ƙafar nan?"

"Yara ne, Baba."

"To ɗaya ya shiga gaba ya raka ta Fika."

Yaran suka dubi juna suka tuntsire. Mai wayar ya ce, "Kaka, ai an daina wannan tun kafin a haife mu."

Ɗana ya rage murya. "Baba, mai mota ne ya ce a lallaba masa. Shi ya zaɓa."

"Matan da ke tasha su ma sun zaɓa?"

"Za ta kai shi ta dawo da shi, in sha Allahu."

"Alhamdu lillahi. Dama na daɗe ban ga Fika ba."

Na dogara sandata na miƙe. Tafiyar daga gindin maina zuwa motar nan ta ɗauke ni lokaci, kowa ya tsaya yana kallo, har mai shayin tsallake. Na buɗe ƙofar gaba na zauna, na cire takalmina na ɗora a cinya, na shimfiɗa tafin ƙafa a ƙasa kusa da ƙofa. Direban ya ce, "Baba, wurin nan na fasinja ne." Na ce ni ma fasinja ne, ya tayar mu tafi, mata na jira.

Ɗana ya sunkuyo ta taga. "Baba, don girman Allah ka sauko. Mutane na kallonmu."

"Su kalla. Direba, bismilla."

Direban ya ɗaga kafaɗa ya kai hannu ga makulli. Ɗana ya zagaya da sauri ya riƙe masa hannu. "Kada ka tayar."

Na ce, "Me ya faru? Ba ka ce za ta kai ta dawo ba?"

Bai dube ni ba. Ya kalli tayar, sannan ya ce wa yaran su kawo jak, ya tura ɗaya ya samo boljoin mai kyau, ya ce in ya dawo da mai fenti, a kansa zai fasa shi. Na ƙi sauka sai da na ga kayan a hannunsa na kankare da farcena. Ɗana ya tuɓe rigarsa ya shiga ƙarƙashin motar da kansa. Ina jinsa: guduma ɗaya ta tokare, ɗaya ta buga, ƙarfe ya saki. Ya goge mazauni, ya ɗaure, ya lanƙwasa fil. Bai manta komai ba. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, da jahilci ne da na sami abin cewa. Tsohon boljoin ɗin na gefe, ledar ta leƙo daga bakinsa baƙi ƙirin, ko akuya da ta shinshina sai ta yi gaba. Aka riƙe ni na durƙusa, na ɗora tafin hannu a kan gaɓar, ɗana ya girgiza taya. Shiru.

Duk wannan lokaci wayar direban ba ta huta ba, matan tasha na nemansa, wasu sun riga sun shiga wata motar. Ya shiga ya tayar yana huci. Har ya fara tafiya sai ya tsaya daidai gindin maina inda aka mayar da ni, ya leƙo ta taga ya ce:

"Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma nan gaba garejin can na tsallaken titi zan kai ta. Su ba su da tsoho."